Ƙure Gudun Tsohuwar Kwamfuta Don Gem: Ribar Nawa Ce, Zafin Nawa Ne?

A watan Agustan 1998 kamfanin Intel ya fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, iri biyu zuwa kasuwa. Ɗaya ta masu hali ce, Pentium II mai gudun megahaz 450, kuɗinta ya haura dala 600. Ɗayar kuwa ta talakawa ce, Celeron 300A mai megahaz 300, wadda ba ta kai dala 200 ba. Ba a ɗau lokaci ba matasa masu buga gem a Amurka da Turai suka gano wani abu: idan aka ɗora Celeron ɗin a kan bod, wato babban allon cikin kwamfuta, irin Abit BH6, aka shiga BIOS, wato shafin saitin bod ɗin, aka canja lamba ɗaya tak, daga 66 zuwa 100, sai ta tashi da gudun megahaz 450, ta riƙa kafaɗa da kafaɗa da yayarta mai tsada a yawancin gem na lokacin. Wannan dabara ta tilasta wa kwamfuta gudun da ya wuce wanda aka rubuta mata ita ce masu harkar ke kira obakulok, kuma labarin Celeron 300A ne ya fi komai yaɗa ta a duniya.

Lissafin bai da wuya. Furosesa na aiki ne da bugu, kamar bugun agogo, kuma gudunta shi ne yawan bugun da take yi a daƙiƙa ɗaya. Lambobi biyu ke haifar da shi: bugun tushe da bod ke bayarwa, da adadin da furosesar ke ninka shi. Celeron 300A tana ninkawa sau huɗu da rabi. Huɗu da rabi sau 66, kusan 300 ke nan. Huɗu da rabi sau 100, ya zama 450. Shi ke nan sirrin.

To me ya sa kamfani zai sayar da abin da zai iya 450 da sunan 300? Domin a masana'anta furosesa ba sa fitowa daidai wa daida ko da daga faranti ɗaya aka yanko su. Sai an gwada kowace, a ba ta matsayin da za ta iya riƙewa ko a ɗaki mai zafi, ko da fanka marar kirki, na tsawon shekaru. Ana barin rara saboda tsaro. Wani lokaci kuma kasuwa ce ke neman mai araha da yawa, sai a liƙa wa mai ƙarfi ƙaramar lamba a sayar. Wannan rarar ita mai obakulok ke farauta, kuma sa'a ce zalla: mutum biyu za su sayi iri ɗaya a shago ɗaya, ta wannan ta haye, ta wancan ta ƙi.

Kamfanoni sun yi ta toshe ƙofa, matasa suna hudo taga. A shekarar 2000, masu Athlon da Duron na kamfanin AMD suka gano cewa fensirin makaranta ya isa: a goga bakinsa a kan wasu 'yan ƙananan gadoji da aka yanke a saman furosesar, baƙin fensirin ya haɗa su, makullin da ya hana canja ninkinta ya buɗe. Da Core 2 Quad Q6600 ta zo a 2007 da gigahaz 2.4, sai aka koma manna guntun salatif a kan ƙafa ɗaya a ƙarƙashinta, bod ya ruɗu ya ba ta 333 maimakon 266, ta koma gigahaz 3. Daga bisani Intel ya mai da abin hanyar samun kuɗi. Ya shiga sayar da furosesa masu harafin K a ƙarshen lambarsu, waɗanda aka bari a buɗe da gangan, sauran kuma ya kulle su tamau. Mafi shahara a cikinsu ita ce Core i5-2500K ta Janairun 2011, mai gigahaz 3.3, wadda mutane da yawa suka kai 4.5 da fanka mai kyau kawai, suka kuma shekara da shekaru suna gem da ita ba su sayi sabuwa ba.

A nan ne mai tsohuwar kwamfuta a Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai fara cin karo. Mafi yawan kwamfutocin tebur da ake samu da sauƙi a kasuwanninmu 'yan Beljiyam ne, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da ofisoshin ƙasashen waje suka gama aiki da su. Don akawu aka ƙera su, ba don ɗan gem ba. BIOS ɗinsu ba shi da wurin canja gudu kwata-kwata, furosesar ciki galibi ba mai K ba ce, akwatin ƙarami ne, na'urar rarraba wutar da ke ciki kuma daidai cikinta aka auna mata. Ko da mutum ya samo 2500K, sai ya haɗa ta da bod mai P67 ko Z68 ko Z77; a kan H61 mai araha ba za ta ninku ba. Kwamfutar cinya kuwa a bar ta kurum, don ko a yadda take da ƙyar take fitar da zafinta.

Zafi shi ne ainihin kuɗin da ake biya. Idan aka ƙara gudu, akwai inda furosesa za ta fara tuntuɓe, gem ya rufe kansa ko allo ya yi shuɗi, sai an ƙara mata ƙarfin wuta kafin ta tsaya da ƙafarta. Matsalar ita ce zafin ba ya bin ƙarfin wutar taku da taku. Ninki yake yi. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin wuta yana jawo ƙarin kusan kashi 21 na wutar da ake ci, tun ma ba a lissafa na ƙarin gudun ba, kuma dukkansa zafi yake komawa. Da furosesa ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wato mutum ya sha wahala ya koma ƙasa da inda ya taso. Wanda ya rubuta cewa tasa ta kai 4.5 lafiya lau, wataƙila a ɗaki mai digiri 20 yake zaune. A Kano ko Sakkwato, watan Afrilu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, ga wutar da ke hawa da sauka tsakanin ta gwamnati da ta janareto. Rarar da masana'anta ta bari, yanayinmu ya riga ya ci rabonsa a ciki.

Ƙarfin wuta fiye da kima kuma yana cin furosesa a hankali, ba lallai ta mutu rana ɗaya ba. Ko Intel da kansa ya ɗanɗana: a 2024 ya amsa cewa wasu furosesarsa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda wutar da ke shigarsu ta yi yawa, har ya ƙara musu garanti na shekara biyu.

Sai babbar tambaya, wadda masu zumuɗi ke tsallakewa: wane sashe ne ke riƙe gem ɗin? Aiki biyu ne ke tafiya tare. Furosesa ce ke lissafin motsin 'yan ƙwallo a eFootball ko cunkoson motoci a GTA V, katin hoto kuma shi ke zana abin da ido ke gani. Idan katin ne ya gaza, ko an kai furosesa gigahaz 5 ba abin da zai canja. Sauya wa jaki akala ba ya rage nauyin mangala. Ganewa ba wuya. Manhajar MSI Afterburner kyauta ce, tana nuna aikin kowane sashe a gefen allo ana cikin wasa. In katin hoto na kan kashi 99 furosesa na hutawa, katin ne matsala. In furosesa ce ta cika katin na jira, a nan obakulok zai yi rana, musamman wajen rage sarƙewar nan da ke zuwa daidai lokacin da fili ya cika da 'yan wasa.

Shi ma katin ana iya ƙara masa gudu da wannan manhaja, har a cikin 'yar Beljiyam, kuma hatsarinsa kaɗan ne in ba a taɓa ƙarfin wuta ba. Sai dai a san girman ribar. Ƙarin kashi 10 ga gem mai ba da hoto 30 a daƙiƙa, 33 ke nan. Ido zai ɗan ji daɗi, amma 30 ba za ta zama 60 ba.

Akwai kuma bangon da gudu ba ya fasawa. Wasu sababbin gem suna buƙatar umarnin AVX2, wanda sai a 2013 ya shigo furosesar Intel; 2500K ba ta da shi, ko ta kai gudun da ta kai. Windows 11 ma ba ta amince da ita a hukumance ba, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025.

Wanda duk kayansa suka dace, hanyar ita ce sannu-sannu. A fara da buɗe akwati a kakkaɓe ƙura, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya a shafa sabo, don a injin da ya shekara goma wannan kaɗai kan sauke zafi sosai. Sannan a ƙara ninki da ɗaya, a kunna manhajar Prime95 ta matsa mata lamba, ana kallon zafi a manhajar HWMonitor. In ya wuce digiri 80 da 'yan kai a ja da baya. In ta ƙi tashi gaba ɗaya, a cire wuta, a zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan bod na 'yan mintuna, BIOS zai koma yadda ya zo. Gwajin kuma a yi shi da tsakar rana a lokacin bazara, ba da asubar sanyi ba.

Ga mai 2500K ko makamanciyarta, da bod mai kyau da babbar fanka da sitabilaiza, obakulok riba ce ta gaske, kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarin gudu ba tare da sayen komai ba. Ga mai OptiPlex ko EliteDesk kuwa, kuɗinsa da lokacinsa sun fi amfani a wani wurin: ya ƙara ram ta zama sanda biyu masu girma ɗaya, ya sa SSD, ya nemi ƙaramin kati irin GTX 1050 Ti, wanda wat 75 kawai yake ci kuma ba ya buƙatar wata wayar wuta ta daban, amma ya tabbata ya ɗauki gajeren samfurin da zai shiga siririn akwatinsa.