Matsayin Mai Makarantar Islamiyya Bayan Hukuma Ta Shigo

A Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Kano, galibin makarantun Islamiyya ba hukuma ce ta assasa su ba; wani malami ne, ko jama'ar masallaci, ko ƙungiyar addini, suka ba da fili waƙafi, suka tara yara, sa'an nan aka nemi rajista. Idan makaranta ta karɓi manhajar gwamnati bisa tsarin dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), ta hannun sashen ilimi na ƙaramar hukuma, takan turo malaman lissafi da Turanci ta biya albashinsu, alhali karatun Alƙur'ani da fiƙihu da tarbiyya suna nan a hannun mai makaranta.

Alfanun wannan rabo a bayyane yake, domin iyayen da ke ɗari-ɗari da boko sukan saki jiki idan suka ga malaminsu ne a bakin ƙofa. Sai dai mai biyan albashi shi ke da ikon sauya wa malami wurin aiki, ko mai makaranta ya so ko ya ƙi, kuma daga nan saɓani yakan taso. A Ingila ma coci na riƙe da makarantun da baitulmali ke ɗaukar nauyinsu, amma can an rubuta haƙƙin kowane ɓangare cikin doka.