Sitirin: abin da ya kamata ku sani kafin ku sayi dutsen nan mai ruwan rawaya

Wanda ya tashi a Sunke, ko Bagega da Dareta a ƙasar Anka, ko 'Yargalma ta Bukkuyum, ya san farin dutsen nan da ake fasawa a kai injin niƙa don a wanko zinariya. Dutsen ƙanƙara ne, masana na ce masa kwaz. Wannan dutse yana da dangi masu launi, garau da su, waɗanda ba a niƙa su, sai dai a yanka a goge a ɗora a kan zobe ko sarƙa. Mai launin shunayya shi ne ametis. Mai ruwan rawaya zuwa ruwan zuma shi ake kira sitirin, kuma ɗan sinadarin ƙarfe da ke jikinsa ne ya ba shi wannan launi.

Abu na farko da nake son mai saye ya riƙe shi ne sitirin ba zinariya ba ne. Zinariya tana da farashin duniya a kan kowane giram, ko ta karye a narka ta kuɗinta na nan. Sitirin kuwa yana cikin duwatsun ado masu sauƙin kuɗi, domin dangin kwaz sun cika duniya, kuma ana samun manyan guntayensa da yawa, shi ya sa girman dutse ba ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Kayan kwalliya ne, ba ajiya ba. Mata masu sayen gwal don tanadi su lura: ranar da kika mayar da zobe ko ɗan kunne kasuwa, mai saye zai cire nauyin dutsen ya biya kuɗin gwal kaɗai. To, ke ma ranar saye ki ce a ware miki nauyin dutsen. Ana auna shi da karat, karat 5 ne giram 1, kuma wannan ba shi da alaƙa da karat 18 ko 22 na gwal.

Sai maganar wuta, wadda nan ne aka fi ruɗin mutane. Sitirin da ya fito daga ƙasa da launinsa bai da yawa, ana samun sa a wurare irin su Barazil, Zambiya, Madagaska da Kongo. Mafi yawan wanda ke kasuwannin duniya ametis ne da aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 500, shunayyar ta juye ta zama rawaya, kuma jihar Rio Grande do Sul da ke kudancin Barazil ce babbar mafitarsa. Wannan ba jabu ba ne. Dutse ne na gaske, ƙarfinsa ɗaya da na asali, launin kuma yana zama, masu sana'ar sun daɗe da amincewa da shi. Inda algus ya shigo shi ne a ɓoye maka an gasa, a karɓi kuɗin wanda ba a taɓa ba.

Idan dutsen ɗanye ne ba a yanka ba, ido na iya ganewa. Gasasshe yakan zo a dunƙule, tsinaye birjik, bakin kowane tsini ja-ja kamar ƙanzo, gindin kuwa fari fat ba a ganin cikinsa. Na asali launinsa ba ya ihu: rawaya ce mai sanyi, wani lokaci da ɗan duhun hayaƙi, kuma ta bi jikin dutsen daga sama har ƙasa. Amma da zarar an yanka an goge, ko ƙwararru da na'urorinsu sukan sha wuya wajen bambancewa. Don haka shawarata, duk yankakken sitirin da aka miƙo maka ka ɗauka gasasshe ne, ka yi ciniki a kan haka.

Jabun gaske shi ne gilashi mai launi. Ka riƙe dutsen a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba, ka duba cikinsa da madubin nan mai ƙara girma sau 10. Idan ka ga 'yan ƙwayoyin iska zagayayyu, ko wasu layuka masu murɗewa, kwalba ce aka narka. Ka ɗora shi a kumatu: kwaz ya fi gilashi sanyi, ya kuma fi shi daɗewa bai ɗau ɗumin jiki ba. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs sitirin yana mataki na 7, gilashi wajen 5 da rabi, saboda haka sitirin yana karce kwalba, wuƙa kuma ba ta karce shi. Wannan gwaji na ɗanyen dutse ne, kada a yi shi a kan gogagge. Akwai kuma masu sayar da sitirin da sunan tofaz, wanda ya fi shi tsada da tauri, yana mataki na 8. Idan girmansu ɗaya, tofaz ya fi nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wajen zaɓe, launi ne kan gaba. Mai ruwan zuma sosai, ko wanda ya karkata zuwa ja da ake kira Madeira, ya fi mai kodaɗɗen launi kuɗi. Cikinsa ya zama tas, domin tsabtataccen sitirin ba wuyar samu gare shi ba, babu dalilin karɓar mai tsaga. Ka ɗora shi a kan rubutu ka leƙa ta sama: idan kana karanta baƙaƙen ta tsakiyarsa, yankan bai yi ba, haske zai riƙa zurarewa ta ƙasa maimakon ya dawo ido. Maganar da wasu dillalai ke yi cewa dutsen yana jawo arziki ko kasuwa, ba ta da tushe, kada ta sa ka ƙara ko kwabo.

Ga mutanen yankinmu akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Idan wani ya tono dutse mai launi a rami, kada ya kawo shi cikin gida ya farfasa don ganin cikinsa. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariyar da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum, Sunke na cikin ƙauyukan da abin ya shafa, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. A wanke dutse da tufafi a bakin aiki, nesa da yara da tukunyar abinci. Wanda kuma ke son shiga fataucin ɗanyen dutse, ya kai Jos ko Ibadan inda ake hada-hadarsa, ya sani dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta masa lasisin saye da riƙe ma'adinai.

Bayan an saya, kulawarsa ba wuya. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai taurin kwaz, idan aka goge zobe a bushe da bakin riga, sannu a hankali ƙyallinsa zai dushe. A fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi da sabulu, sannan a tsane da ƙyalle mai laushi. Kada a bar shi a rana kwana da kwanaki, kada a ajiye shi yana gugar sauran kayan ado. In zoben ya buƙaci gyara, a ce wa maƙeri ya cire dutsen kafin ya sa wuta, domin zafi mai tsanani yana canza launinsa, yana kuma iya tsaga shi.