Ko Kun Sani?

Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi, waɗanda suka san labarin ziyarar kabarin Waliyyi Ɗan Marina a Katsina domin tabarruki, ƙila su yi mamakin jin cewa Nasara ma tun dā can suna adana ƙasusuwan waliyyansu cikin akwatunan zinariya da azurfa, har majalisar malamansu ta Nikiya ta hukunta a shekarar 787 kada a tsarkake majami'a sai da su. Mafi ban al'ajabi kuwa, cikin Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, wanda Halifa Walidu ya gina a gurbin tsohuwar majami'a, akwai hubbaren da ake cewa kan Annabi Yahaya, alaihis salamu, yana ciki, Musulmi da Kirista suna ziyartarsa, har Fafaroma ya tsaya gabansa a 2001.