Tarin fuka: ƙwayar da ke fakewa a cikin garkuwar jiki

Idan mai tarin fuka ya yi tari a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ƙwayoyin cutar kan daɗe suna yawo, na kusa ya shaƙe su har can ƙasan huhu. A wurin akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira makrofaj, aikinsu haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. Da ganin ƙwayar sai su haɗiye ta. To, a nan gizo ke saƙa. Ita wannan ƙwaya, wadda Robert Koch ya gano a Jamus a 1882, fatarta kauri gare ta da maiƙo, sannan tana hana makrofaj ɗin kwararo mata ruwan da zai narkar da ita. Sai ta yi zamanta daram a cikinsa tana hayayyafa a hankali. Takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali wasu ƙwayoyin minti 20 ya ishe su.

Sai an yi makonni sauran garkuwar jiki ke farga. Wasu fararen ƙwayoyin, masu suna T, su taru su kewaye wurin kamar ganuwa. A ciki ƙwayar kan lafa, amma ba lallai ta mutu ba. Mutum yana harkokinsa lafiya lau, ba ya tari, ba ya shafa wa kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, kuma 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ciwon ke bayyana gare su.

Me ke rusa ganuwar? Kan gaba cutar ƙanjamau, don ƙwayoyin T ɗin nan take karkashewa. Sai yunwa, ciwon suga, shan taba da tsufa. Da garkuwa ta yi sanyi, tsakiyar wurin ya ruɓe ya narke, ya fashe cikin hanyar numfashi, ya bar rami a huhu. Daga nan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga zufar dare, ga rama, wani lokaci kaki har da jini. Abin mamakin ma, yawancin ɓarnar da huhu ke sha daga faɗan garkuwar kanta take fitowa, ita kuwa ƙwayar gaba ta kai ta, tunda tarin ne ke kai ta huhun wani.

Allurar BCG da ake yi wa jarirai, mai barin lamba a dantse, tun 1921 ake amfani da ita. Tana kare yara daga munanan nau'o'in cutar, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa, amma kariyarta ga huhun babba ba ta taka kara ta karya ba. Kada lambar ta ruɗi kowa.

Ƙwayoyin da suka lafa ba sa mutuwa da wuri, shi ya sa magani ke kai wata shida. Mai ajiye shi bayan wata biyu don ya ji ƙarfi, masu taurin kan ya bari, kuma suna iya dawowa ba sa jin maganin. Wanda tarinsa ya kai mako biyu ya je a gwada kakinsa. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Najeriya.