Wata Asabar a Tema, ƙarƙashin tsohon jirgin kamun kifi

Ranar Asabar bayan sallar asuba na hau trotro a Zongo Junction na Madina, na nufi Tema ta Ashaiman. Kawuna ne ya kira ni. Fita ne, ya yi shekaru yana gyaran injinan jiragen katako a tashar masunta ta Tema. “Ticha, kullum kana koya wa yara kimiyya a allo, zo ka ga ta gaske,” in ji shi.

Watan Yuli ne, lokacin da gwamnati ke hana jiragen kamun kifi fita teku don kifi ya hayayyafa. Mu a Madina abin da muka sani game da watan shi ne amane yana tsada a kasuwa. A Tema kuwa watan gyara ne. Wanda bai gyara jirginsa ba, Agusta za ta same shi a tudu, alhali a lokacin ne kifi ke yawa.

Jirgin da na tarar an jawo shi tudu tsoho ne, ba irin kwalekwalen da ake maƙala wa inji a waje ba. Injinsa yana ciki. Daga injin wata doguwar sandar ƙarfe ta ratsa bayan jirgin ta fita cikin ruwa, a ƙarshenta farfela take. Kawu ya kama farfelar da hannu biyu ya jijjiga ta sama da ƙasa. Na ji ƙwas, ƙwas.

“Ka ji? Boris ya cinye. Bai kamata ta motsa ba sam.”

Ni na zaci boris irin na mota ne, mai ƙwallayen ƙarfe da giris. Ashe bututun tagulla ne, an shimfiɗa masa roba a ciki, robar kuma tana da ramuka dogaye daga baki zuwa baki. Ruwan teku ke bi ta ramukan, yana sanyaya sandar, yana sa ta sulɓi, yana wanke yashi. Wato ruwan shi ne man. Abin da ke cin robar shi ne yashi, da zaren taru idan ya naɗe sandar ya toshe hanyar ruwa, da injin da ya goce daga saiti. A jirgin katako wannan na ƙarshe ya fi yawa, domin katako yana shan ruwa, yana motsi da shekaru.

Cire farfela da zare sandar bai ɗauki lokaci ba. Tsohon boris ɗin ne ya ƙi fita, gishiri ya manne shi. Yaron kawu ya kankare fenti ya gano ƙananan kusoshin da ke riƙe shi ta gefe, ya kwance. Sannan kawu ya zura ruwan zarton ƙarfe cikin ramin, ya yi ta yanka tagullar a tsawonta, a hankali, kada ya taɓa bangon ramin. Fiye da awa guda yana wannan a durƙushe. Da ta tsage, ya lanƙwasa ta ciki, ta fito kamar ɓawon rake.

A nan rigima ta tashi. Kawu ya shafa sandar, ya nuna mini inda ta rame, ta yi ƙugu. Tun bara ya gaya wa mai jirgin ya ji ƙara, mai jirgin ya ce a bari kaka ta wuce. Robar ta ƙare, ƙarfe ya ci ƙarfe. Yanzu sabon boris a kan ramammiyar sanda ba zai daɗe ba, sai an kai ta wurin masu injin gyaran ƙarfe ko a sayi wata. Mai jirgin ya yi ta faɗa da Ga, kawu yana ba shi amsa da Twi. Ban ga laifin mutumin gaba ɗaya ba: ma'aikata yake biya, man dizal yake saya, ga wata guda babu shiga. Amma jijjigar nan ba ta tsaya ga boris, tana lalata giya, tana buɗe wa ruwa hanya ta inda sandar ta ratsa jirgin, kuma mutanen da ke ciki 'ya'yan wasu ne.

Ya yarda daga ƙarshe. Sai bayan mako biyu aka sa sabon, na koma na gani. Kawu ya auna sau biyu, domin tsofaffin jirage da inci aka ƙera su, kayan yanzu kuma da yawa milimita ne, bambancin ba ya ganuwa da ido. Ya tura yaro wurin masu sayar da ƙanƙarar kifi, aka binne boris ɗin a ciki don ya ɗan tsuke, aka jawo shi cikin ramin da dogon ƙarfe mai zare da noti, ba da guduma ba. Na miƙa masa gwangwanin giris, ya ture hannuna.

“Giris yana ɓata roba, ɗana. Kawo ruwan sabulu.”

Wannan tsukewar ƙarfe a sanyi ita ce darasin da na yi wa 'yan JHS 1 da zane a allo, rabinsu suna hamma. Na roƙi kawu tsohon boris ɗin, na naɗe shi a leda. Yana kan teburina a makaranta, har yanzu yana warin teku.