Na'urorin Sa-ido Marasa Waya da Tsaron Fadamun Bahindi

Gabatarwa

Bahindi gari ne a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, cikin kwarin kogin Kwara, ba nisa da iyakar Binin. Sau biyu kogin kan kawo ruwa a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa mai tasowa daga duwatsun Gini, wanda kan iso da hunturu. Arzikin manomin shinkafa a nan ya rataya ga sanin lokacin da ruwa zai hau, kamar yadda ambaliyar 2012 da ta 2020 suka nuna. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana sharuɗɗa biyu da na'urorin sa-ido marasa waya ke bukata kafin su yi amfani a irin wannan wuri.

Ma'anarsu

Waɗannan ƙananan na'urori ne masu batir, da akan kafa a fili su auna tsawon ruwa ko laimar ƙasa, su miƙa labari ta iska daga wannan zuwa waccan har ya kai babbar tasha. Auna kogi daga nesa ba baƙon abu ba ne. Hukumar Kogin Kwara, wadda aka kafa a 1980 mai hedkwata a Yamai, ta daɗe tana tattara ma'aunin tashoshi kamar Malanbil da Jidere Bode. Amma tasha guda ba ta iya faɗin halin kowace fadama.

Sharaɗi na Farko: Mamaye Fili

Alal misali, a dubi yara masu korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Kowane yaro akwai iyakar inda idonsa ke kaiwa. In aka bar kusurwar da ba mai ganinta, to, nan tsuntsaye za su sauka. Haka na'ura take, watau tana da da'irar da take iya aunawa, kuma wajibi ne da'irorin su rufe filin duka.

Sharaɗi na Biyu: Sadarwa

Gani kaɗai bai wadatar ba. Yaron da ya hangi ɓarna, amma muryarsa ba ta kai ga na kusa da shi, ganinsa ya tashi a banza. A 2003 wasu masana a Amurka suka tabbatar da cewa, a fili marar lunguna, muddin nisan muryar na'ura ya kai ninki biyu na nisan ganinta, to, mamaye fili shi kansa ya lamunce sadarwa. Ke nan mai auna mita 50 tana bukatar muryar mita 100.

Matsaloli

Sai dai fadama ba takarda ba ce. Dogayen ciyayi da itatuwa kan rage nisan murya, ambaliya kuwa kan nutsar da na'ura a daidai ranar da aka fi bukatarta. Bugu da ƙari, na kusa da babbar tasha su ke dakon saƙon kowa, don haka batirinsu ke fara ƙarewa. Maganin shi ne kowane wuri ya sami na'ura fiye da ɗaya, kowane saƙo kuma hanya fiye da ɗaya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

A taƙaice, mamaye fili ido ne, sadarwa kuwa baki. Amma aikin bai cika ba sai labari ya bar tasha ya isa kunnen manomi da masunci cikin harshen da suke ji, tun ruwa bai taɓa kunyar farko ba.