ƊINKI YA WARKE, AMMA ƘAFA DA SAURA

Uwargida, tsaya ki karanta, ko ki sa malamar asibiti ta karanta miki.

Akwai wani ciwon kwatangwalo da kan kama samari da 'yan mata, musamman masu ƙwallo da masu aikin ƙarfi. Kan ƙashin cinya yana zaune ne a gurbinsa kamar taɓarya cikin turmi. In ƙashin ya yi ƙari, sai ya riƙa gugar bakin gurbin. Za ki ji yaro yana kukan matsematsi in ya tsuguna ko ya daɗe a zaune. Ba targaɗe ba ne, ɗori ba ya maganinsa.

In magani da gashi sun kasa, likita kan yi aiki. Yanzu ba lalle sai an tsaga cinya ba. Akan huda wuri 2 ko 3, a zura 'yar kyamara, a kankare ƙarin.

To, ga inda iyaye kan yi kuskure. Hujin kan rufe cikin mako 2, sai a ce ai ya warke. Ina! Tsokar ɗuwawu da ta cinya tun kafin aiki ta rame saboda ɗingishi, kwanciya kuma ta ƙara ramar da ita. Ƙarfinta kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya dawo, na wani ma ya fi haka.

Kada ya yar da sanduna sai likita ya ce. Kada ya tsuguna. Ban da zaman tabarma da kujera 'yar tsugunno, a masai ma a sa masa kujera mai huji. Salla ya yi a kan kujera. Dashen shinkafa a Bakolori, ɗaukar buhu, ƙwallo da hawa babur zuwa kasuwar Talata, duk su jira, ko da maigida zai yi ƙorafin rashin hannu a gona.

Amma kada tausayi ya sa ki bar shi kwance wuni guda. Ki tsaya a kansa ya yi motsin da ma'aikacin gashi ya koya masa, safe da yamma: ya matse ɗuwawu, ya ƙirga 5, ya saki. Ki ba shi wake, ƙwai, kifi da nono.

In kin ga zazzaɓi, ko mugunya a hujin, ko ƙafar ta kumbura tana zafi, kada ki bari ya kwana. Ko daga Bakura kike ko Maradun, garzaya da shi asibiti mafi kusa, tare da katinsa.